Ranar da Na Ɗaga Jinkar Rumbun Ubanku

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wata magana ce da aka yi a bikin jikata a Cadawa. Ina zaune bayan zana ina rabon goro, sai na ji wata tsohuwa daga dangin ango tana tambaya ko ɗiyar wane gida aka ɗauko masu. Aka ce mata jikar Habsu ce. Ta ce, wace Habsun, wadda ta tona asirin mijinta gaban anasara? Aka kwashe da dariya. Wannan bai dame ni ba, na sha jin wadda ta fi ta ɗaci. Abin da ya ƙona mani rai kai ne, ɗan farina da ba na kiran sunanka. Ka shigo da ƙwaryar goro, maganar ta faɗa kunnenka, ka sunkuyar da kai cikin babbar rigarka kamar an kama ka da kayan sata. Da taro ya watse ka zo ka tsuguna gabana ka ce:

"Inna, da dai kin yi haƙuri a lokacin, da ba a bar mana wannan abin faɗe ba."

Haƙuri! Ni za ka koya wa haƙuri? Ban ba ka amsa ranar ba don gidan mutane ne. To yanzu ku zauna ku huɗun, ku ji daga bakina, tun ina da rai, kafin tsofaffin biki su gama rubuta maku tarihin uwarku.

Babban fari biyu na gani a rayuwata. Na farkon ya same ni ina amarya, iyayena na da rai, ba ni da bakin ciyarwa sai nawa. Na biyun ne ya same ni da ku huɗu a ƙafa da Nana a goye. Ku ƙananan ba ku tuna fuskar Nana, shi ya sa ba ku sa ta ciki in ana tambayarku ku nawa na haifa. Shekarar nan ruwa ya yi mana wasa da hankali. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake, ta fito ta kai gwiwa, sai sama ta ɗauke. Hatsi ya tsaya a gona ya yi ja yana kallonmu. Ɗan abin da aka yanka a gandu ubanku ya kwaso shi da kansa a kan jaki, ya zuba a rumbu, ya ja jinka ya rufe, ya ɗaure da igiya. Ban ga yawansa ba, ban kuma tambaya ba.

Da yake yanzu kun zama 'yan birni, sai na yi maku bayani. A garinmu tun kakanni, in an gama kaka mai gida rufe rumbun gandu yake yi, ba a buɗe shi sai ruwan shuka ya sauka, lokacin da ake son ƙarfin riƙon hauya. Rani duka mace ce ke ciyar da kanta da ɗiyanta da abin da ta samu a gamanarta, ɗan filin da aka yanka mata. Kuma mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Ba ta taɓa jinkar, ba ta tambayar abin da ke ciki, wadda ta leƙa ta ce wa duniya mijinta ya kasa ke nan. A shekarar ƙoshi al'adar tana da amfani, ba na musu, tana hana a cinye abincin damina tun da rani. Amma shekarar nan gamanata ba ta ba ni abin da zai fitar da mu daga sanyi ba. Muka koma ga dussa, daga dussa zuwa jiga da tafasa, daga nan sai anza, wadda sai an yi ta jiƙawa ana zubar da ruwan kafin ɗacinta ya bar mutum ya haɗiye. Na tona gidan tururuwa da hauya, ni Habsu, ina ƙwace abin da ƙwaro ya tara. Nonona ya ƙafe. Abin da ya riƙe ran Nana akuya ce guda ɗaya, ja, wadda ƙawata Dudu ta ba ni. Dudu Bafillatana ce, rugarsu na bayan garinmu, shanunsu sun mutu saura abin da ba a rasa ba, amma ta jawo akuyar nan da igiya har ƙofar ɗakina. Ta ce habbanaye ce, aron dabba irin nasu, in riƙe in sha nono, in ta haihu ɗiyan nawa ne, uwar in mayar mata.

"Ki tatsa wa yarinya," in ji ta. "Nawa sun yi ƙwari, sun iya cin ganye."

Muna da ƙungiyar mata tun kafin farin. Daga ajin yaƙi da jahilci ta faro, inda na koyi rubutun nan da kuke karantawa, ta zama adashe, ta zama gayyar daka da taimakon biki. Ni aka sa a gaba don na fi kowa baki, ban ce na fi kowa hankali ba. Wata ƙanwar uwata da ke aure wajen Gazawa ce ta ba ni labarin rumbun tsimi. Ta ce akwai masu taimako daga ƙasashen waje, proje ake ce masu, suna gina wa ƙungiya mangaza su cika ta da hatsi su ba mata mabuɗi. In bazara ta matsa a auna wa kowa, in kaka ta yi a mayar, hatsin ya zauna a gari ba ya bin 'yan kasuwa. Da na faɗa wa mata sai suka ce to Habsu, ƙafa taki ce, je ki nemo mana.

Ban san neman taimako sana'a ce mai zaman kanta ba sai da na shige ta. Mushen lakol, malamin makarantar boko, ya rubuta mana takarda da Faransanci, na naɗe ta a gefen zane, na goya Nana, na kama hanyar Agye a ƙasa. A buron kumandan, wato ofishin mai mulkin yankinmu, gardi ya tsare ni a ƙofa har rana ta take, sannan wani mai tabarau ya ce mani agajin gwamnati ta hannun masu gari yake bi, ƙungiya kuwa sai ta nemi proje, proje kuma suna Maraɗi. Na roƙi wani mai kamyon, babbar motar kaya, ya ɗora ni a kan buhunan gawayi. A Maraɗi na ga abin da ban taɓa gani ba, buro bayan buro, kowane da farar mota a ƙofa, kowane da irin taimakon da ya iya, ba ya tsallake shi ko kana mutuwa a gabansa. Na farko suka ce su rijiya suke ginawa. Na ce rijiya muna da ita, abin da za mu dama da ruwan ne babu. Suka ce Allah ya kyauta. Na biyu itace suke dasawa, wani saurayi mai ƙamshin turare ya zaunar da ni yana yi mani karatu a kan yadda hamada ke matsowa, ni kuwa Nana na tsotsar bayan rigata. Na uku suka ce rabon bana ya ƙare, in dawo bayan damina. Na ce bayan damina wa za ku tarar? Wani kuma ya juya takardarmu ya ce babu hatimin kumandan, ƙungiyar da ba ta da hatimi ba ƙungiya ba ce. Na koma Agye, kumandan ya tafi rangadi. Na jira shi ya dawo, na samu hatimin, na sake hawa gawayi. Wallahi fushi na ci a tafiye-tafiyen nan, don ba abin da ke cikina sai shi.

A wani ƙaramin buro bayan kasuwa na haɗu da Madam Ramatu, Bagobira daga wajen Gidan Rumji, ga zanen gidansu a kumatunta. Ita kaɗai ce ta kalli yarinyar da ke bayana kafin ta kalli takardar da ke hannuna.

"Mi kike biɗa, uwata?" in ji ta.

Na faɗa mata. Ta ce projensu yana da sauran hatsin rumbun tsimi, amma garuruwan da ke nema sun fi hatsin yawa. Akwai wata anasara da ke zagawa tana dubawa, garin da ya fi jigata shi ake ba.

"Za mu taho garinku. Amma ina hwaɗa miki, in mun zo kada ku ɓoye komi. Ita abin da idonta ya gani take rubutawa."

Na dawo gida kamar in yi tsalle. Da yake baƙo ba ya shiga gari sai da sanin mai shi, na je na durƙusa gaban Mai Gari Sha'aibu, yayan ubanku, na faɗa mashi ranar zuwansu, na kuma maimaita mashi gargaɗin Madam Ramatu kalma da kalma. Ya shafa gemu ya ce:

"Wato baƙi su zo garina daga wata duniya, su koma su ce Sha'aibu bai ba su ruwa ba? Su ga ɗiyanmu tsirara da kumburin ciki? Habsu, ke kin yi naki, saura namu. Tashi."

"Yaya Mai Gari, yunwar suka zo gani."

"Na ce tashi."

Ku ji abin da garinmu ya yi, garin da mutane ke cin anza. Aka share ko'ina har ƙarƙashin rumbuna. Aka buɗe adaka aka fito da rigunan salla. Yaran da cikinsu ya kumbura aka ce a kulle su a ɗaka, a fito da masu ɗan dama-dama. Aka bi gida-gida aka tara ɗan irin shuka da tsofaffi suka ɓoye a goruna, aka daka aka yi fura. Aka kira makaɗi. Sai maganar nama ta taso, don ba a karɓar babban baƙo da fura kaɗai, kuma duk garin babu dabbar da ke da tsoka a jiki sai akuyar Dudu, wadda nake hana kaina ganye in ba ta. Da safe na fito na tarar da ubanku yana kwance ta daga turke.

"Malam, akuyar Nana ce. Ba tamu ba ce ma, aro ce."

"Yaya ya ce a kawo."

"Ka ce mashi nonon ɗiyarka ne."

"So kike in je gaban maza in ce matata ta hana? Ki yi haƙuri, in taimakon ya zo sai a sayi wata."

Ya ja ta tana tirjewa. Kuma ni aka sa dafa ta, don an ce na fi kowa iya miya, kuma don a tsare ni a bakin murhu nesa da baƙi. Ta tsakanin zana na riƙa hango su. Anasarar doguwa ce, rana ta ƙone mata hanci. Aka shimfiɗa mata tabarma mai ado, aka ajiye ƙwaryar fura da akushin nama. Ta ɗauki 'yar tsoka ɗaya don kunya, maza suka gama da sauran bayan ta tafi. Ta nuna rumbunan da ke jere a ɗaure ta tambayi abin da ke ciki. Mai Gari ya ce an rufe su sai damina, haka al'adarmu take. Bai yi ƙarya ba, ku lura, ko kalma ɗaya. Madam Ramatu ta fassara, tana ta waige-waige tana nemana. Ta ce ina shugabar mata, aka ce tana aiki, kuma mata ba su magana inda maza ke zaune. Aka raka su mota da kiɗa. Mai Gari ya dawo yana murmushi yana cewa yau mun fita kunyar baƙi.

Nana ta koma shan kunun dussa. Cikinta bai karɓa ba, zawo ya kama ta, ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja ya kwanta. Ran nan da hantsi na goya ta zan kai ta likita a Cadawa, ban yi rabin hanya ba na ji nauyinta ya sake a bayana. Uwa ta san wannan nauyin. Na juyo da ita gida a goye kamar mai barci. Maza suka karɓe ta suka naɗe a ƙyalle suka fita da ita bayan gari. Mata suka cika ɗakina, kowa ta shigo sai ta ce Habsu sai haƙuri, Habsu sai haƙuri. Dudu ta zo ta zauna kusa da ni har la'asar, ba ta ce uffan a kan akuyarta ba, ranar ko wata rana. A hanyarta ta zuwa ta wuce fatar a shanye a ƙofar gidan Mai Gari, an kafe ta da tsinke.

Muka jira kamyon hatsi, shiru. Zafi ya tsananta, gidaje suka fara watsewa, mata na ɗaukar ɗiya suna nufar kudu da ƙwarya a hannu. Kai ɗan farina idanunka sun faɗa, ƙanenka na bi maka ya daina wasa, sai ya zauna jikin bango yana kallon ƙasa, kuma na ga ƙafarsa ta fara irin ta Nana. Na bar ku wurin Dudu na koma Maraɗi ba goyo. Madam Ramatu ta kalli bayana ta gane, ta rufe baki da hannu. Ta ce an ba wani gari. An rubuta cewa namu yana da sauran ƙarfi, rumbuna a rufe, nama a tukunya, fura da nono.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce nama? Naman nan ɗiyata ce kuka ci! Na yi ta faɗa har ma'aikata suka leƙo daga ɗakunansu, gardi ya taso da sanda. Ta ce a ƙyale ni. Da na gaji ta ce:

"Ni na sani, ni ma ɗiyar ƙauye ce, na san abin da munka iya. Na hwaɗa mata. Ta ce garin da ke gaba ko ruwa ba su ba ta ba, rumbunansu a buɗe, wasu a kife. Na sama da ita ba su karɓar in ji wance. Akwai sauran rabo guda. Ran kasuwar Cadawa za mu bi ta hanyarku, zan ce direba shi tsaya shi zuba wa mota ruwa a rijiyarku. Ba zan aiko wa kowa ba. Abin da za ki nuna mata, ki nuna mata."

Abin da zan nuna mata guda ne, kuma ni kaina ban taɓa ganin cikinsa ba. Amma na daɗe ina lura. Da can layin tururuwa ba ya yankewa a gindin rumbun ubanku, yanzu ko ɗaya babu. Ɓeraye sun bar shi sun dawo ɗakina suna cin ƙwarya. Ban yi mashi kwanton ɓauna ba, ku rubuta wannan ku ajiye. Ana gobe kasuwa na same shi zaune a gindin bango bayan azahar, na durƙusa yadda mace ke durƙusa wa mijinta.

"Malam, baƙin nan za su dawo gobe. Ka buɗe rumbun da hannunka. In da hatsi ka ba ɗiyanka, in babu ka bari a gani."

"Tun yaushe mace take tambayar rumbu?"

"Tun da aka fitar da gawa daga gidan da rumbu ke ɗaure."

Ubanku ba mugu ba ne, kada wani ya ce maku na ce mugu ne. Mutum ne mai sanyi, bai taɓa ɗaga mani hannu ba, shi ma ya rame har wuyan rigarsa ya yi mashi yawa. Amma ya fi tsoron bakin maza da komai a duniya. Ya ce, ba tare da ya kalle ni ba:

"Ranar da kika taɓa igiyar jinkar nan, igiyar aurenki kika taɓa."

Don haka na san kuɗin abin tun kafin in saya. Washegari rana tsaka motar ta tsaya a bakin rijiya. Ba shara, ba kiɗa, ba rigunan salla, yara na kwance a inuwa ƙudaje na bin idanunsu. Na je na kama anasarar a wuyan hannu na ja ta. Maza suka taso daga gindin itacen bedi inda suke zama, Mai Gari na kiran a kawo tabarma, a kawo ruwa. Na ce ba zama suka zo yi ba. Na shiga da ita gidanmu, jama'a na biye, na zaro wuƙar yankan kuɓewa daga zanena. Ubanku na tsaye a ƙofar zaure. Sau ɗaya ya kira ni.

"Habsu."

Na yanke igiyar. Jinka ta fi ƙarfin mace ɗaya, na sa kafaɗa ta ƙi tashi, kuma duk matan ƙungiyarmu suna tsaye ba wadda ta motsa. Dudu ce ta ajiye ƙwaryarta ta zo ta sa sandarta ta kiwo a ɗaya gefen, muka tura, jinkar ta kife ƙasa. Na jawo turmi na taka na leƙa, ni ce mace ta farko a garinmu da ta ga cikin rumbun mijinta. Guntayen kara ne a ƙasa, da busasshen kashin ɓera, da ƙadangare guda da ya ɗago kai yana kallona. Ko zangarniya ɗaya babu. Daga baya na ji ɗan abin da ya zuba tun kaka ya kwashe shi a ɓoye ya biya lanho, harajin gwamnati, ya mayar da igiya ya ɗaure iska. Watanni yana wucewa ta gaban rumbun nan da safe yana duba ɗaurin.

Na sauko na tura anasarar ta hau turmin. Ta leƙa ta daɗe. Na ce da Madam Ramatu ta faɗa mata wannan ne sauran ƙarfin da ta rubuta, ta faɗa mata naman da ta ci nonon wa ne. Ta fassara duka, ba ta rage ba. Matar ta sauko tana hawaye, ni kuwa hawayenta bai sanyaya mani komai ba. Har yau ina jin haushinta, da ita da na sama da ita. Na taka ƙasa har ƙafata ta tsage, na faɗa masu da bakina a buro nawa, ba su yarda da yunwarmu ba sai da na tsiraita mijina a gabansu.

Sai ga wata mata ta juya ta nufi gidanta, wata ta bi ta. Kafin a jima sai ƙarar jinka ke tashi tana faɗuwa ta kowane lungu. Duk garin rumbun da aka samu wani abu a ciki bai taka kara ya karya ba, na Mai Gari ma fanko ne. Kowane namiji yana zaton shi kaɗai ne ya kasa, yana ɗaure da igiyarsa yana kallon ta maƙwabci. Amma ku lura, har yau ba a cewa matan gari sun tona asirin mazansu. Habsu ake cewa. Sauran an ce zuga su na yi, mazansu suka yi fushin kwana biyu suka huce.

Naku uban bai huce ba. Da na waiwaya ranar na gan shi ya sulale ya zauna a ƙofar zaure, ya cire hula ya rufe fuska da ita. Ya daina fita gindin bedi, ya daina cin abin da na dafa. Bai jira hatsin ba, ya ɗauki sandarsa da buta ya tsallaka iyaka ya yi kudu. Sakina a bakin wani falken goro ya iso. Can ya zauna yana ga-ruwa a wani birni har Allah ya karɓi abinsa, bai sake taka garinmu ba. Na yi kukansa, in kuna son sani, na yi shi sosai, don ina son mutumin nan. Kun tashi ba uba, wannan gaskiya ne, kuma hannuna ne ya yanke igiyar. Amma ban kore shi ba, na roƙe shi ya buɗe da hannunsa tun ana gobe ya ƙi.

Kamyon ya iso kafin ruwan shuka, da hatsin ci da na iri. Ranar buɗe mangaza Mai Gari ya sa rigar nan tasa ta salla ya yi jawabi a kan yadda ya yi ta fafutuka har garinsa ya samu rumbun tsimi. Ina tsaye da mabuɗi a hannu ina jinsa. Ya so ya karɓe ku, tunda ɗiya na dangin uba ne, na ce ya fara nuna mani abin da zai ba ku. Mata suka kafa mani bukka jikin mangazar, nan kuka girma. Matan Mai Gari sun zo da ƙwarya kamar kowa, na auna masu da tiyar da na auna wa kowa, ban rage ko ƙwaya ba. Da ƙungiya ta ɗan farfaɗo, abin da na fara sa ta yi shi ne sayen jar akuya, na ja ta da igiya har rugar su Dudu.

Kai kuma ɗan farina, mai babbar riga, bari in tuna maka abin da ka manta. Ranar da na yi tuwon farko da hatsin nan, ka cinye naka, ka suɗe akushi, ka sa yatsa kana kankare gindin tukunya kana kuka kana cewa Inna akwai saura? Kumburin ƙafar ƙanenka ya saɓe kafin a yi noman farko. Ku huɗun nan duk kun yi aure, kun haifa, har ga jika an kai ɗaki ana rabon goro ana zagin kakarta. In an sake faɗin maganar nan a gabanka, ka ɗaga kanka ka ce haka ne, uwata ce, ita ta ɗaga jinkar.

Haƙurin da ka ce in yi kuwa, na riga na yi shi, ranar da aka kwance akuya na tsaya ina hura wuta. Kuɗin haƙurin nan ƙanwarka ce, sunanta Nana. Tana can bayan gari wajen kalgo, ka je ka tambayi mazan da suka kai ta, ni har yau ba a nuna mani wurin ba.